Daga Manchester zuwa Liverpool: yadda nake shirya tafiyar gobe a kan M62

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, da fatan kowa yana lafiya a duk inda yake. Kamar yadda kuke gani ina tsaye ne gefen mota a wajen fakin na gidanmu nan Manchester, ku yi haƙuri da ƙarar iska don yau garin sai a hankali, tun safe ake yayyafi yana ɗaukewa yana dawowa. Gobe Asabar in Allah ya kaimu zan shiga Liverpool, ni da wani ƙanina da ya zo karatu bai fi wata biyu ba, toh sai nace bari in kunna kyamara tun yau ku ga yadda nake shiri, don mutane dayawa suna tambayata a kan tuƙi a babban titin ƙasar nan wanda suke kira motowe, musamman sabbin zuwa.

Tafiyar ba wata mai nisa bace, kusan mil 35 ne, wato kilomita 56 haka, in hanya a sake take ƙasa da awa ɗaya kun isa. Kuma wlh wannan kusancin shine yake yaudarar mutane. In tafiyar awa biyar ce kowa zai duba taya ya duba mai ya kwanta da wuri, amma da an ce nan da nan ne sai kaga mutum ya ɗau mukulli kawai ya fita, alhali titin bai san kai gajeriyar tafiya zakayi ba, gudun da mai zuwa Hull yake yi shi kaima zakayi, a tsakiyar manyan motocin kaya iri ɗaya.

Bari in fara nuna muku taya don ita nake fara dubawa kullum. Kun ga wannan kwabon, fens 20 ne. Dokar ƙasar nan tace zanen taya kar ya gaza milimita 1.6, toh ba kowa ke yawo da abin awo ba, shi yasa ake amfani da kwabon nan. Zaka cusa shi cikin ramin zanen haka, kun gani, in bakin nan mai faɗi da ya zagaye kwabon ya ɓuya a ciki toh tayarka da sauranta, in kuwa kana hango shi a waje ka nufi wajen masu taya kafin ka hau titi. Kuma kar ka gwada waje ɗaya kace shikenan, ka gwada tsakiya ka gwada gefen ciki, don gefen ciki ne yake cinyewa a ɓoye ido baya kaiwa. Nawa huɗun duk lafiya Alhamdulillah. Iska kuma na duba ɗazu a gidan mai, lambar da ake so tana manne a jikin ƙofar direba in ka buɗe, wasu motocin kuma a murfin tanki. Ruwan waifa na cika shi taf, wannan kar ku raina shi, in babbar mota ta wuce ka a jiƙaƙƙen titi ta watso maka ruwan nan mai laka, ka danna waifa ba ruwa, gilas ɗin sai ya zama kamar an shafa masa toka, kana kan gudu baka ganin komai. Mai ma na sha a cikin gari tun yau saboda na kan motowe ya fi tsada, wannan sananne ne.

Toh yanzu mu shiga ciki in nuna muku hanyar a taswira, sanyi ya fara shigata.

Yauwa. Daga tsakiyar Manchester zamu bi Regent Road mu hau M602, shi gajere ne, mil huɗu ne kacal, ya ratsa Salford da Eccles. A ƙarshensa ne akwai mahaɗa ta 12, inda M602 da M60 da M62 suke haɗuwa, kuma nan ne wuri na farko da nake so mutum ya san layinsa tun kafin ya iso. M60 zobe ne da ya zagaye Manchester, in ka kuskure ka faɗa masa sai ka tafi mahaɗa ta gaba kafin ka samu wajen juyowa. Mu abinda zamu nema a allo shuɗin nan shine Liverpool M62, mu miƙe. Ni dabi'ata ce ina rubuta lambobin mahaɗa a ƴar takarda in manna kusa da sitiyari, ga ta nan: 12, 10, 8, 4. Eh akwai Google Maps kuma zan kunna, amma muryar wayar wani lokacin sai ka riga ka iso bakin rabuwar hanya take magana, in lambar tana kanka tun daga gida hankalinka a kwance yake.

Tsakanin 12 da 10 ne nake so ku saurara da kyau, don wannan yankin irin wanda suke cewa smat motowe ne. Ma'ana wancan layin gefe na hagu da aka saba barinsa don motar da ta lalace, an mayar dashi layin tafiya, layi huɗu duk motoci ne a guje. Abinda suka bari shine wasu ƴan wuraren tsayawa jefi-jefi da aka shafe da fenti ruwan lemo, da wayar neman agaji a wajen. Ni gaskiya tsarin nan bai kwanta min ba, kuma ba ni kaɗai ba, har gwamnatin Birtaniya a 2023 ta soke gina sababbi, amma waɗanda aka riga aka yi suna nan ana binsu. Toh tunda dole mu bi, sai mu san dokarsa. A sama akwai alluna masu wuta a kan kowane layi, in kaga lamba cikin jan zobe, 60 ko 50 ko 40, wannan shine gudun da doka ta yarda a lokacin kuma kyamara tana aiki dashi. In kaga jan X a kan layinka, ka bar layin nan da zarar ka samu sarari, an rufe shi, wataƙila akwai mutum a gaba da motarsa ta mutu da iyalinsa a ciki. Wanda ya bi ƙarƙashin jan X tarar fam 100 ce da makin laifi 3 a lasin, amma ni ba tarar ce ke tsorata ni ba, wancan bawan Allah da ke zaune a gaba yana kallon madubi nake tunawa.

In kuma taka motar ce ta fara ciwo, Allah ya kiyaye, ka kunna sigina ka yi ta matsawa hagu, ka kai wajen nan mai ruwan lemo ko mafita ta gaba, ka kunna wutar gargaɗi, kowa ya fita ta ƙofar hagu ya tsallake ƙarfen gefen titi ya tsaya can baya, ko ruwa ake tsugawa. In ta mutu a tsakiyar layi ba halin fita lafiya, ka zauna da bel ɗinka a ɗaure, wutar gargaɗi a kunne, ka kira 999 nan take. Wannan na maimaita wa ƙanin nawa sau biyu ɗazu a waya, yace Yaya ai kai ne zaka tuƙa, nace masa ko fasinja ne gara ya sani, don ranar da abin zai faru ba lokacin bayani.

Mahaɗa ta 10 kuma ita ce inda M6 ya gitta, mai zuwa Preston ta arewa da Birmingham ta kudu. Nan ne na taɓa yin kuskure farkon zuwana, ina layin hagu bayan wata tirela ta tare min allo, kafin in ankara layin ya ɗauke ni zuwa M6. Na tuna lokacin zuciyata ta ce in yanko dama da sauri in koma, fararen layukan nan na rabuwa suna gefena, amma Allah ya taimake ni na daure na bi hanyar, na sauka a mahaɗa ta gaba na zagayo, minti goma sha biyar na rasa. Tun ranar in na hango tirela kusa da babbar mahaɗa nake ja baya in bar tazara sosai don in ga allo da idona. Kuma ku riƙe wannan, a motowe ba ribas, ba juyawa, in ka wuce ka wuce.

Maganar tazara, ƙa'idar da suke koyarwa ita ce daƙiƙa biyu tsakaninka da na gabanka, ka zaɓi wata gada ko allo, in ya wuce ka fara ƙirge, in ka iso kafin biyu ka matse shi. In titi a jiƙe yake ka ninka, kuma gobe hasashe ya nuna ruwa da safe, don haka huɗu zan riƙe. Iyakar gudu mil 70 ne a awa, kusan kilomita 112, kuma wajen zamanka shine layin hagu, na dama na obatekin ne kawai ka wuce ka dawo. Masu zama a layin tsakiya ba dalili suma ana cin tararsu.

Daga nan tafiya ta yi daɗi. A mahaɗa ta 8 akwai wajen hutawa na Burtonwood, na sa shi a takarda ba don lallai zamu tsaya ba, sai don in san inda yake in buƙata ta taso. Wurin nan a da sansanin jiragen yaƙi ne babba da sojojin Amurka suka yi amfani dashi lokacin yaƙin duniya na biyu, titin ma ta cikin filin ya ratsa. Gaba kaɗan wajen St Helens, kusa da mahaɗa ta 7, in bishiyoyi basu rufe ba zaka hango wani farin kai na mutum-mutumi a kan tudu, tsayinsa mita 20, an kafa shi a 2009 a inda tsohuwar mahaƙar kwal ta Sutton Manor take. Wannan aikin ƙanina ne ya ɗauko muku, ni idona yana titi.

Wani abu da yake ba mutane mamaki, M62 a ɓangaren Liverpool a mahaɗa ta 4 yake ƙarewa, babu 3 babu 2 babu 1, an tsara za'a shigar dashi har cikin gari amma ba'a gina ba. Toh kar ka zauna kana jiran ƙirge ya kai ɗaya, daga 5 ka fara shirin rage gudu, wajen da ake kira Rocket titin zai sauke ka Edge Lane, ga danja ga masu tafiya a ƙasa ga bas. Nan ne ƙafa take yaudarar mutum, bayan rabin awa kana kan 70, sai kaga 40 kamar tafiyar kunkuru, dole ka dinga kallon agogon gudu kar ka yarda da yadda jikinka yake ji.

Inda muka nufa kuwa shine masallacin Abdullah Quilliam da ke Brougham Terrace. Shi wannan bawan Allah lauya ne ɗan asalin Liverpool, ya musulunta a 1887 bayan ya je Maroko, ya buɗe masallacin a 1889, kuma shi ake ɗauka a matsayin masallaci na farko a Ingila. An gyara shi an sake buɗewa a 2014. Na daɗe ina so ƙanin nan nawa ya ga wurin da idonsa, mu yi Azahar a can.

Shi yasa lokacin tashi ma sai da na zauna na lissafa. Abu na farko da na duba shine ko akwai wasa a Anfield, filin ƙwallon Liverpool, don ranar wasa hanyar shiga garin cika take, na ga gobe babu. Na biyu na duba shafin National Highways, hukumar da ke kula da manyan titunan Ingila, ko akwai aikin hanya, don sun fi rufe layi da dare da ƙarshen mako. In ma an samu matsala akwai tsohuwar hanya A580, East Lancs suke ce mata, wadda aka buɗe tun 1934, tana da danja dayawa amma zata kai ka. Zamu tashi ƙarfe goma na safe, kuma abin daɗin shine da safe yamma muka nufa rana tana bayanmu, da yamma kuma gabas zamu dawo nan ma tana bayanmu, in har ta fito kenan. Yanzu da sanyi ya shigo duhu yana yi da wuri sosai, don haka ina so a ce daga La'asar mun kamo hanya, bana son in haɗa ruwa da duhu da gajiya lokaci ɗaya.

Saura magana ɗaya ga sabbin zuwa, don ƙanina ya tambaye ni ko zai iya karɓata a dawowa. Lasin da ka zo dashi daga waje zaka iya tuƙi dashi wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, amma sai sunanka yana cikin inshorar motar, nashi kuwa baya ciki, don haka nace masa a'a, ya bari sai mun gyara wannan tukunna kuma mu fara da ƙananan tituna ya saba da hannun hagu. Waya kuma, riƙe ta a hannu kana tuƙi tarar fam 200 ce da maki 6, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin jarabawar tuƙi ba maki 6 ɗin nan sun isa a ƙwace lasin ɗin gaba ɗaya. Saboda haka gobe duk bidiyon da zaku gani na kan hanya shi ne zai ɗauka daga kujerar gefe, tawa wayar tana maƙale a mazauninta na saita taswira tun kafin in tada mota.

Bari in sa rigunan ruwa biyu da tocila a but yanzu kar in manta da safe, in haɗa wayar a caji. Sai mun haɗu goben ƙarfe goma a bakin Regent Road in sha Allah, ku sa mu a addu'a.