Binne: laccar Malam kan tawakkali da zaman jira

An rubuto wannan ne daga laccar da aka naɗa a wata makarantar Islamiyya da ke Mabera, cikin Sakkwato, bayan sallar La'asar. An cire addu'ar buɗewa da gaishe-gaishe.

Iyayena, 'yan uwana, ɗalibai, waɗanda suka tashi a ƙauye cikinku sun san binne. Ƙarshen bazara ne, rana na dukan ƙeya, ƙasa ta bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Sai ka ga mutum ya ɗauki sungumi da ƙwaryar gero ya nufi gona. Yana sara, yaro na biye yana zuba iri yana take ƙasa da diddige. Geron nan abincin gidansa ne fa, a lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Ruwa zai iya zuwa bayan kwana uku, zai iya kai wata. Zai iya yin yayyafi, iri ya tsiro, sannan ya ɗauke, shuka ta ƙone. Manomi ya san duk wannan, kuma ya binne. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya fassara mini tawakkali kamar wannan ba.

Da yawanmu muna cikin jira. Wani takardar aiki yake jira, wata haihuwa take jira shekara goma, wani ɗan uwansa ne a hannun masu garkuwa, kullum kunnensa na kan waya. Ɗalibanmu sun zauna wata takwas a gida a 2022 saboda yajin aikin jami'o'i. Kuskuren da nake gani shi ne mun mai da dogaro ga Allah kamar cinikin bashi: na yi haƙuri shekara biyu, to ina biyana? Wallahi babu inda aka yanka mana rana.

Ku dubi garin nan da muke zaune. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka yi yaƙin Tabkin Kwatto da Gobirawa, jama'a suka yi nasara. Mun fi son mu tsaya a nan in muna ba da labari. Amma kafin shekarar ta fita an yi yaƙin Tsuntsuwa, aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna, har malaman tarihi suka ce mahardata Alƙur'ani wajen 200 ne suka kwanta a wurin. A 1805 kuma ga yaƙin Alwasa, ga yunwa, ga ciwo. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808, Muhammadu Bello bai kafa Sakkwato ba sai 1809.

To ina tambayarku: mahardatan nan da suka kwanta a Tsuntsuwa, sun ga Sakkwato? Ba su gan ta ba. Ko tubali ɗaya nata ba su gani ba. Shin tawakkalinsu ya faɗi banza ke nan? A'uzu billahi. Su ne suka yi binne, wasu suka yi girbi, ladansu kuma yana wurin da asu ba ya ci. Ina jin nauyin wannan magana duk sanda na wuce ta Hubbare, inda kabarin Shehu yake. Saboda haka ba zan tsaya a gabanku in ce kowa zai sami abin da yake jira ba. Ban da ikon faɗin haka.

Kada kuma a ce wa mai kuka ba shi da imani. Annabi Yaƙubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu. A aya ta 86 ta Suratu Yusuf ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Aya ta gaba fa? Ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Kuka yake, yana kuma aike. Haka mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙumarsa ya dogara, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Hadisin yana cikin Tirmizi.

Bari in ba ku na gidanmu. Ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa jami'a, ta cinye shinkafar mahaifina a fadama, ta rushe rumbu biyu. Na je na same shi zaune kan wani tudu, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, duk laka. Bai ce mini komai ba sai "Innalillahi". Da dare na ji shi yana sheshsheƙa a sujada, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Da ruwa ya fara janyewa, sai ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, je kasuwa ka ranto mini irin albasa." Na ce, "Baba, da me za mu biya?" Ya ce, "Kai dai je ka." Muka yafa iri, muka yi dashe da sanyi, hannuwanmu duk sun tsattsage. Albasar ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Shekara uku muna biyan bashi, kuma har ya koma ga Allah bai sake gina rumbu na biyun ba. Amma ban taɓa jin ya ce me ya sa ni ba. Allah ya jiƙansa.

[A nan wani saurayi ya miƙe da tambaya.]

Allah gafarta Malam, shekarata huɗu da gama karatu, ba aiki. Addu'ar ma na fara jin nauyinta. Yaya zan yi?

Ɗana, na gode da ka faɗi gaskiya, da yawa suna jin haka sun yi shiru. Kada ka bar addu'a, ko da a baki ce kawai zuciya na nesa, za ta dawo. Sannan mece ce raƙumarka, me ka ɗaure? Takardunka su ci gaba da yawo ofis-ofis, kai kuma kada rana ta fito ta same ka kwance. Ga masu jima, ga masu ɗinki, ga masu gyaran waya, ga masu kai albasa kudu, duk suna neman yaro mai amana wanda ya iya lissafi. Na ga biyu daga cikinsu a sahun gaba, suna jina. To, ga ladan ya fara kira. In an sallame kada ka tafi, ka tsaya bakin ƙofa, zan haɗa ku.