Tagar Daniyel a ƙasar sanyi

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da muryata, a hankali nake magana don maƙwabta suna barci, bangon gidan nan kuwa ba shi da kauri. Ƙarfe biyar da rabi ke nan a nan Ingila. Bari in juya wayar ku ga taga. Kun gani? Duhu dunɗum. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi.

Wata 'yar'uwa ce ta aiko mini da tambaya, ta ce yaya mutum zai riƙe tsarki a ƙasar da ba wanda ya damu ko ka je sujada ko ba ka je ba. Tambayar ta taɓa ni ƙwarai, don ni ma na sha wannan ruwan.

Shekarata ta farko a nan, addu'ata ta mutu. Ba wani babban zunubi na faɗa ciki ba, a'a. Aikin dare ne, gajiya ce, ga Lahadi ta zo ina bakin aiki. Wata rana na ɗauko Littafi Mai Tsarki daga kan kujerar nan, na ga har ƙura ta hau bangonsa. Na lissafa, mako uku ban buɗe shi ba, kuma babu mai tambayata. Ranar na gane ashe da can ikilisiya ce take ɗauke da ni, kamar yaro a goye. Da aka sauke ni ƙasa sai ƙafa ta kasa.

Daniyel sura 6 ce ta tashe ni. Kun san labarin: Sarki Dariyus ya sa hannu a doka cewa har kwana 30 kada kowa ya roƙi wani allah ko wani mutum sai sarki, wanda ya karya dokar a jefa shi ramin zakoki. Daniyel ya ji, ya hau ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe suna fuskantar Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana. Abin da ya kama ni a aya ta 10 shi ne, ya yi haka ne kamar yadda ya saba. Tun yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila a zamanin Nebukadnezzar, ya tsufa a ƙasar mutane, ba Haikali, ba firist da zai tuna masa. Amma yana da taga, yana da lokaci. Ba ranar da ramin zakoki ya zo ya fara koyon durƙusawa ba.

To ni ma na zaɓi tagata, ga ta nan. Biyar da rabi idan aikin safe nake, in kuwa na dare ne, da zarar na dawo kafin in kwanta. Akwai ranakun da nake durƙusawa bakina ya bushe, ba kalma ko ɗaya. A irin wannan rana Zabura nake buɗewa, guda 150 ne, babu halin da zuciya za ta shiga da ba a riga an yi kuka ko waƙa da shi a ciki ba. Sai in karanta a bayyane, ta zama addu'ata.

Batun karatu kuwa, na yi kuskure da farko. Littattafai 66 ne, sura 1,189, in kana so ka gama a shekara sai ka ci sura uku zuwa huɗu kullum. Na ɗauki wannan da zafi, na yi ta gudu, ido na bin layi amma zuciya na wani wuri. A Littafin Firistoci na maƙale. Ikon Allah, a nan ɗin da na maƙale na ci karo da maganar da Bitrus ya maimaita a wasiƙarsa ta fari, sura 1 aya 16, cewa mu zama tsarkaka gama Allah mai tsarki ne. Na zauna a kanta mako guda. Tun daga nan na rage gudu. Ban ce masu gamawa a shekara sun yi laifi ba, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma ni aya biyar da na tauna ta fi mini sura biyar da na haɗiye. Kuma da Hausa nake karatun safe. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu, in na karanta da Turanci kaina ke ji, in na karanta da Hausa har cikin ƙashi nake jinsa.

Yanzu ga inda abin ya fi wuya. A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wata baiwar Allah da mantuwar tsufa ta kama, ba ta gane 'ya'yanta ma balle ni. Kullum na zo yi mata wanka sai ta zage ni, wani lokaci ta kai mini duka. Wata safiya na durƙusa ina wanke mata ƙafa, fatar ta yi laushi kamar takarda, yatsun sun lanƙwashe, ruwan ɗumi na bi ta tsakaninsu, ita kuwa tana ta faɗa a kaina. Raina ya ɓaci sosai, hannuna har ya fara saurin da bai kamata ba. Nan take Yahaya sura 13 ta faɗo mini. Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Yahuza kuwa, wanda zai bashe shi, yana zaune a wurin, bai riga ya fita ba, Ubangiji kuma ya san abin da ke zuciyarsa. Ni wace ce da zan yi wa marar lafiya gaggawa? Na sassauta hannu, na goge tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai albashi ake biyanki, ina hidima a nan? Ana biyana, gaskiya ne. Amma ba a biyan kowa don ya yi da ƙauna. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya, kamar ga Ubangiji. Ba na yi wa kowa wa'azi a wurin aiki, ba abin da aka ɗauke ni yi ke nan ba. A zuci nake yi mata addu'a yayin da nake taje mata kai. Ba kullum nake cin nasara ba, jiya ma sai da na roƙi gafara a hanyar dawowa saboda yadda na amsa wa abokiyar aiki.

Shida saura kwata ta yi, motar da zan hau ƙarfe shida da rabi take zuwa. Yau Markus 1:35 nake, inda Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Zan kashe wayar in durƙusa. Don Allah ku sa wannan tsohuwa a addu'a, kwana biyu ke nan ba ta samun barci. Ubangiji ya kiyaye ku, sai mun sake haɗuwa.