Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Filin Ƙanƙara na Birnin Nis

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Hakimai da fadawan da suka rako Mai Martaba, malamanmu, iyayenmu mata da suka cika wancan ɓangaren, masu horar da yaranmu, da ma'aikatan wannan fili da suka buɗe mana ƙofa tun sassafe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna birnin Nis na ƙasar Faransa da garuruwan da ke kewaye da shi, ina cewa lale marhabin, barka da sauka, sannu da hanya. A cikinmu akwai mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, akwai na Katsina da Kano, akwai waɗanda aka haifa a zangon Kumasi. Wasunmu sun yi shekara da shekaru ba su ji ƙarar algaita ba sai yau. Da motar Sarki ta tsaya a bakin ƙofa, na ga wata dattijuwa a cikin iyayenmu ta rangaɗa guɗa, sannan ta ja gefen mayafinta ta share ido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa Mai Martaba abin da zuwansa ya yi mana.

Na san fadawa sun yi mamaki da muka ce a nan za mu tarbi Sarki. Da ma a zaure ake tarbar babban baƙo, a shimfiɗa darduma, a kawo fura. Mu kuwa mun kawo Mai Martaba wurin da sai an lulluɓa da bargo ake iya zama. Muna neman afuwa, kuma muna da dalili. Wata magana ce ta daɗe tana kai da komo a gidajenmu, a kan 'ya'yanmu da wannan wasa na zamiya a kan ƙanƙara. Wasu iyaye sun yarda, wasu sun ce faufau. Muka ga tun da Allah ya kawo mana uba, gara mu kawo shi ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji.

Abin da ke gaban Mai Martaba ruwa ne aka daskarar. Filin gasa tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. Takalmin da yaran ke sawa yana da ƙarfe a ƙasa, kaurinsa kamar milimita 4, kuma an kwarfe tsakiyarsa har ya zama kaifi biyu, na ciki da na waje. A kan wannan ɗan siririn ƙarfe yaro ke gudu, ya tashi sama, ya juya sau biyu ko sau uku, ya dira da ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Alƙalai suna zaune a gefe suna duba kowane juyi, suna duba ko da wane kaifi ya tashi, da yadda ya sauka.

Ranka ya daɗe, ba zan iya yin maganar wannan wasa a wannan gari ban ambaci Surya Bonaly ba. A nan Nis aka haife ta, ranar 15 ga Disamba, 1973. Baƙar fata ce kamar 'ya'yanmu. Tana jaririya wasu ma'aurata Turawa suka ɗauke ta riƙo, kuma uwar riƙon malamar motsa jiki ce, don haka yarinyar ta tashi tana alkafura da tsalle-tsalle kafin ta san daɗinsu. Wannan ƙarfin jiki shi ta ɗauko ta kawo kan ƙanƙara. Da mai horarwa Didier Gailhaguet ya ga abin da Allah ya ba ta, iyayen suka tattara nasu ya nasu suka koma yankin Paris saboda ita. Ina so iyaye maza da ke wurin nan su ji wannan da kyau: gida guda ya tashi daga gari saboda baiwar 'ya mace ɗaya.

A 1989 ta zama gwarzuwar Faransa tana da shekara 15, kuma ba ta saki wannan kambu ba sai bayan 1997, wato sau tara a jere. Ta ci gasar matasa ta duniya a kakar 1991. Gasar nahiyar Turai kuwa ta lashe ta sau biyar ba tare da kowa ya shiga tsakani ba: Sofiya a 1991, Lausanne a 1992, Helsinki a 1993, Kopenhagen a 1994, Dortmund a 1995. Da Faransa ta karɓi baƙuncin Olamfik na hunturu a Albertville a 1992, ita aka zaɓa ta yi rantsuwa a madadin dukan 'yan wasan duniya, tana da shekara 18. A wannan gasa ta gwada tsalle mai juyi huɗu, abin da mata ba sa kusanta a lokacin. Juyin bai cika ba, ta ƙare ta biyar. A Lillehammer ta ƙasar Norway a 1994 ta zo ta huɗu, taki ɗaya tsakaninta da lambar tagulla.

Inda abin yake da zafi shi ne gasar duniya. Sau uku a jere tana zuwa ta biyu. A 1993 Oksana Baiul ta Yukren ce ta sha gabanta, a 1995 Chen Lu ta Sin. Ta tsakiyar, wato ta 1994 a Chiba ta ƙasar Japan, ita ce har yau ake tattaunawa. Alƙalai tara ne, biyar suka ba Yuka Sato 'yar gida, huɗu suka ba Surya. Da aka zo raba lambobi ta ƙi hawa dandamali da farko, da aka rataya mata azurfar sai ta cire ta daga wuya tana kuka, jama'a suna yi mata ihu.

Na san abin da dattawanmu za su ce: wannan rashin ta ido ne, yaro ba ya mayar da kyautar manya a bainar jama'a. Ban musa ba, kuma ba haka nake koya wa 'yata ba. Yuka Sato ma ba kanwar lasa ba ce, ta yi wasa mai tsabta a ranar. Amma ranka ya daɗe, ina roƙon a duba abin da ya kai yarinyar nan bango. A tsarin maki na wancan zamani, wanda mafi girmansa 6.0 ne, maki biyu ake bayarwa, ɗaya na ƙwarewa, ɗaya na kyan gabatarwa. Na biyun yana hannun idon alƙali da abin da ransa ya saba gani. Shekara da shekaru ana ce mata tsallenta ya yi, amma ba ta da laushin jiki, ta fi kama da 'yar alkafura. Ta je ta gyara hannu, ta gyara taku, ta sauya kiɗa, ta dawo, aka sake ce mata saura kaɗan. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan da irin fatarmu ya san wannan kalma ta saura kaɗan. Mun ji ta a wurin neman aiki, mun ji ta a wurin neman hayar gida. Ba na cewa kowane alƙali da mugun nufi ya zauna. Ina cewa dai ni na gane hawayen nan. Shi kansa tsarin makin an yi watsi da shi bayan abin kunyar da ya faru tsakanin alƙalai a Olamfik na Salt Lake City a 2002, aka kawo sabo wanda ke ba kowane tsalle da kowane juyi nasa farashin.

A 1996 agararta ta tsinke. Wanda sana'arsa tsalle ce, tsinkewar agara kusan ƙarshen zance ne. Ta yi jinya, ta dawo, ta kai kanta Olamfik na Nagano a 1998 da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Ta shiga wasan ƙarshe tana matsayi na shida, ta san lamba ta kuɓuce. Ana cikin kiɗa sai ta yi gudu da baya, ta tashi ta yi alkafura ta baya a sama, ƙafafu a warwatse, ta dira a kan ƙarfen ƙafa ɗaya. Hukumar wasan ta duniya ta haramta alkafurar baya tun bayan da Ba'amurke Terry Kubicka ya yi ta a Olamfik na 1976, kuma Surya ta san za a rage mata maki. Aka rage, ta ƙare ta goma. Da kiɗan ya tsaya, 'yan kallo ta fuskanta, ta ba alƙalai baya. Tara Lipinski 'yar shekara 15 ce ta ɗauki zinare a daren, amma alkafurar nan ce yaranmu ke nuna wa juna a waya har gobe.

A Janairun 2024 wani ɗan Faransa, Adam Siao Him Fa, ya yi alkafurar baya a gasar Turai a Kaunas, aka cire masa maki biyu, duk da haka ya ci. A shekarar 2024 ɗin hukumar ta ɗage haramcin. Shekara 26 ke nan bayan Nagano.

Allah ya taimaki Sarki, yanzu bari in dawo gida. 'Yata tana cikin yaran da za su fito nan gaba kaɗan. Kwana uku a mako muna idar da sallar asuba muke fitowa, gari da duhu, ita tana gyangyaɗi a mota da kofin kunu a hannu. Ni nake ɗaure mata igiyar takalmi, domin sai an ja ta da ƙarfi a wajen idon sawu, kuma yatsunta ba su kai ba tukuna. Wata huɗu ta yi tana neman tsalle ɗaya, wanda ake tashi ta gaba a juya sau ɗaya da rabi. Na ga ta faɗi a kan ƙugu guda har wurin ya yi baƙi, uwarta na gasa mata da ruwan zafi da dare tana ce mini in rabu da yarinya haka nan. Ranar da ta dira shi daidai ba ta yi ihu ba. Ta tsaya cak a tsakiyar fili tana neman fuskata a cikin kujeru. Tun daga lokacin ban sake tashinta da asuba ba, ita ke buga mini ƙofa. Karatunta na allo ma ya ƙaru, domin yaron da ya koyi maimaita abu ɗaya sau ɗari ba ya gajiya da tilawa.

Iyayen da suka hana ba su yi laifi ba, kuma damuwarsu tamu ce duka. Ta farko sutura. Gaskiya ne kayan da aka saba gani a talabijin ba irin namu ba ne. Amma doka ta yarda mata su yi gasa da dogon wando, kuma Mai Martaba zai ga yaranmu da dogon hannu da wando har idon sawu, ɗinkin iyayensu mata. Akwai kuma Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta shiga gasa a Italiya a 2012 da ɗankwalinta. Alƙalai suka rage mata maki saboda shi, ba ta cire ba, ta bi maganar har gaban hukuma, ta ci gaba da gasa kanta a rufe. Damuwa ta biyu kuɗi. Takalmi yana da tsada, ƙafar yaro kuma ba ta jira, ga kuɗin gyaran kaifin ƙarfe, ga kuɗin mai horarwa, ga na mota zuwa gasa. Iyayenmu mata sun kafa adashi a kan haka, kuma takalmin da ya matse wa wannan yaro ana miƙa shi ga na bayansa. Akwai takalmi ɗaya a wurin nan da ya ratsa gida uku.

Abin da muke roƙo a wurin Mai Martaba ba kuɗi ba ne. Muna roƙon baki. Akwai magidanta a zauren nan da ni ban isa in ce musu komai ba, amma in Sarki ya ce a bar yaro ya gwada, za a bar shi. Muna roƙo kuma Sarki ya ja kunnen mu da muka yarda, kada wasa ya ci lokacin salla, kada ya ci makaranta, kada mu matsa wa yaro saboda kwaɗayin lamba. A wannan wasa an ga yara da yawa da manya suka tura su fiye da ƙarfinsu har jikinsu ya lalace tun ba su kai ashirin ba, kuma ba ma so 'ya'yanmu su shiga wannan layi. Sannan in Mai Martaba ya koma gida lafiya, muna so ya gaya wa kakannin yaran nan cewa ya gan su, sun gaishe shi da Hausa, sun durƙusa yadda aka koya musu, ko da yake da takalmin ƙarfe a ƙafarsu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya kare masarauta, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mayar da Mai Martaba da tawagarsa gida lafiya. Iyayenmu mata sun tanadi tuwo da miyar kuka a ɗakin sama, inda ya fi ɗumi. Kafin nan, ina roƙon a ƙara wa Sarki bargo a gwiwa, a matso da kujerarsa kusa da shinge. Ƙananan ne za su fara fitowa, kuma ta gaban da ke riƙe da kwandon goro shekararta shida, sau biyu ta tambaye ni yau ko Sarki zai sa mata albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.