Wata Biyu a Jikin Takobi Ba Shaidar Shekarunsa Ba Ne

Masu kallo, hotunan tsofaffin takubba sun yawaita a Facebook, kuma kusan duk mai sa hoton da'awarsa ɗaya ce: tunda akwai zanen jinjirin wata guda biyu ko na wata dabba a jikin ruwan takobin, to lallai ƙirar Turai ne, kuma ya shekara ɗari biyar. Wasu har cewa suke yi ganimar yaƙin Salibiyya ce, wato yaƙin da Kiristocin Turai suka yi da Musulmi a kan Ƙudus, maganar da ba ta da tushe.

Siffar takobin ba ta da wuyar ganewa. Irin wanda Hausawa da Fulani da Abzinawa suke ratayawa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa kusan mita ɗaya, galibi da kwarmi uku a tsakiyar ruwansa, ƙotarsa kuma a lulluɓe da fata ko tagulla.

Babu musu, ruwan takubba sun daɗe suna zuwa daga Turai. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da kimanin 50,000 a kowace shekara, akasarinsu daga garin Solingen na Jamus. Fatake ne suke ƙetaro Sahara da su daga Tarabulus, maƙera da dukawan Kano kuma su yi musu ƙota da kube. Abin da ake shigowa da shi dubu-dubu a ƙarni na 19 kuwa, ba za a ce samunsa a gidan gado abin mamaki ne ba.

Yanzu sai mu zo kan tambarin, domin a nan ne ake yin tuntuɓe. Da masu saye suka lura cewa ruwan da ke ɗauke da wata biyu ko zaki ya fi ƙarko, sai suka riƙa neman mai tambarin, maƙeranmu kuma suka fara buga shi a kan nasu ƙarfen. Ba su ne farau ba, domin tambarin kyarkeci mai gudu asalinsa na garin Passau ne da ke Jamus, maƙeran Solingen suka kwaikwaya. A ganina wannan ba ha'inci ba ne kacokan, tunda da yawa sun ɗauki watan a matsayin alamar nagarta da kariya, amma dai yana nufin tambari shi kaɗai ba ya faɗin inda aka ƙera takobi, balle shekararsa.

Mu ɗauki misalin takubba biyu masu tambarin wata. A na farko, watan yana da ido da hanci da baki, zurfinsa daidai yake ko'ina, kuma ya suɗe tare da sauran ƙarfen da ke kewaye da shi, alamar tare suka tsufa. A na biyu, fuskar ta ɓace sai ɗan lanƙwasasshen layi da ɗige-ɗige, gefen zanen yana da kaifi alhali jikin ruwan ya ci tsatsa, wato daga baya aka buga shi. Ku kuma bi kwarmin da ido: na masana'anta yakan tafi santal da faɗi ɗaya, na hannu kuwa yakan ɗan karkace, wani wurin ya tsuke. Ruwan da aka shekara da shekaru ana wasawa yakan rame wajen tsininsa, har kaifin ya matso kusa da kwarmin.

Kada ƙota ta ruɗe ku, domin ita ake sauyawa idan ta lalace, kube ma haka. Sau da yawa za a ga tsohon ruwa a sabuwar ƙota, kamar yadda ake samun ruwan da aka ƙera da sifirin mota an yi masa ado na gani na faɗa. Akwai kuma ruwan da za a ga an maƙale gindinsa tsakanin fallen ƙarfe biyu an ɗaure da ƙusa, dabarar da maƙera suke yi don ceto tsohon ruwan da masu shi ba sa son rabuwa da shi. Idan irinsa ya faɗo hannunku, ɗan mai da ƙyalle mai laushi sun wadatar, domin magagari yana cinye ainihin alamomin da za a duba.