Kwangilar Cire Ciyawa da Ladan Mai Kwarmato

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Yaya Nura, yau kai ka zo mana da maganar 'yan kwangila, sai ka fara.

Nura: Wallahi rijiyar burtsatsen garinmu ce ta tunzura ni, an kafa allo an rubuta sunan aiki, an karɓi kuɗin kafin alƙalami, shekara uku kenan ba ɗigon ruwa, kuma akawun da ya ga takardun da idonsa ya ce min shi kam bai ga komai ba, yana da 'ya'ya biyar.

Sani: To laifinsa ne? Ka tuna kwangilar cire ciyawa a Yobe, lokacin Babachir Lawal yana sakataren gwamnatin tarayya? Kwamitin Sanata Shehu Sani ne ya tono ta, Buhari ya sallami Babachir a 2017, amma 2022 kotu ta wanke shi. Sanata guda ya yi magana haka aka ƙare, ina ga akawu.

Hadiza: Amma ai akwai lada ko? Tsarin kwarmaton nan na ba da lada ga mai tona asirin satar kuɗin gwamnati, na ministar kuɗi ta lokacin Kemi Adeosun, Disamba 2016, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato.

Sani: Akwai. Kuɗin unguwar Ikoyi ta Legas ma, dala miliyan 43 da ɗoriya da EFCC ta samu a wani gida a 2017, ai kwarmato ne. Sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a biya wanda ya tsegunta.

Nura: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, tsari ne kawai na ma'aikatar kuɗi, ba doka ba ce. In oga ya tura ka wani ƙauye ko ya riƙe maka ƙarin girma, wa za ka kai wa ƙara? Ghana nan kusa da mu tun 2006 suke da dokarsu.

Hadiza: Amurka fa?

Sani: Su tasu ta tsufa sosai, 1863, zamanin Shugaba Lincoln ana yaƙin basasa. 'Yan kwangila na sayar wa soja alfadarai marasa lafiya da albarushi gauraye da garin katako.

Hadiza: Kai! Ashe algus ba a Kano aka fara shi ba.

Sani: Ina fa. Kuma can kai da kanka za ka shigar da ƙara a madadin gwamnati, in an ci shari'a ka samu kashi 15 zuwa 30, in suka kore ka daga aiki ka sake maka su kotu.

Nura: Da akawun nan namu yana da wannan, wallahi da tuni ya buɗe baki.

Hadiza: Ko kuma matarsa ta rufe masa shi. Sani, miƙo min ruwan nan, sai mu shiga saƙonnin masu sauraro.