Darasin Wasanni: Daga Ina Sunan Bocce Ya Fito?

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau bocce za mu taɓa, wasan nan na Italiya da ake gangara ƙwallaye a ƙasa. Masu saiti ku fito da shi, manya takwas da ɗan ƙaramin nan guda.

Don Allah a daina cewa "bosi". Ku karanta shi yadda Bahaushe zai karanta rubutunsa, bocce, irin ƙarshen "ɓatacce". Haka su ma Italiyawa suke furtawa. Jam'i ne. Guda ɗaya boccia ake ce mata, wato ƙwallo, dunƙulallen abu, har kwalba mai tumbi haka suke kiranta. Masana harshe suna danganta kalmar da bottia ta harshen Latin ɗin da talakawa ke yi a zamanin da. Ke nan sunan wasan "ƙwallaye" ne kawai, babu wani ƙaƙale.

Wannan ɗan ƙaramin shi ne pallino. Shi ake fara jefawa, kowa ya nemi kusantarsa, wannan kun sani. Gangarawa a hankali kuwa punto ake ce mata.

To, ga inda nake so ku natsu. Idan ƙwallon abokin karawarka ta manne wa pallino, sai ka fitar da ita da ƙarfi. Hannu daga ƙasa yake tashi, ba jifan mangwaro ba ne. A gasa kuma sai ka fara faɗa wa alƙali wadda za ka buga, in ka bugi wata, jifan ya lalace. Bari ku gani, zan bugi ja ɗin can... a'a, tsaya, ja tawa ce, kore zan buga. Yauwa! Kun ga yadda ta fice? Wannan bugun shi ne bocciare. Kuma da wannan kalmar Italiyawa ke cewa an kayar da ɗalibi a jarrabawa. Yaro ya dawo gida an ce bocciato, to an yi waje da shi ke nan.

Masu tambayar wane saiti za su saya, ni dai na fi son masu nauyi, wajen giram 900 kowace ƙwallo. Na robar nan marasa nauyi tsalle kawai suke yi, asarar kuɗi ne.

Kada kuma a haɗa shi da pétanque na Faransa, su ƙwallayen ƙarfe suke cillawa, ƙafafu a dashe wuri guda. Akwai kuma wani wasan daban mai suna boccia, na masu keken guragu, wanda ya shiga gasar Paralympics, wato Olympics ta masu naƙasa, a 1984, ƙwallayensa na fata ne masu taushi. To, a miƙo min tef, mu auna waɗancan biyun, don da ido ba za su rabu ba.