Bahasin rukuni: me za a yi a zaman farko?

Auwal: Assalamu alaikum, masu sauraro, daga Madina muke magana. Tare da ni akwai Malam Bashir, ɗalibin shekarar ƙarshe a Kulliyar Shari'a ta jami'a, da ƙanenmu Sani. Sani, kai ka kawo maganar.

Sani: Ni ne, Yaya. Dakta, malaminmu, ya raba mu biyar-biyar, ya ba mu bahasi, wato aikin bincike, kan zakkar albashi. Ni, 'yan Indonesiya biyu, ɗan Senegal da ɗan Pakistan. Mun buɗe guruf a WhatsApp, amma har yau ba abin da ake turawa sai "in sha Allah".

Bashir: Kun zauna ido da ido?

Sani: Tukuna, Malam.

Bashir: To a nan gizo ke saƙa. Ku haɗu bayan isha'i, ko a sakan ne, wato masaukin ɗalibai, kada ku tashi sai kun fitar da huɗɗa, wato tsarin bahasin: muƙaddima, mabahis (sassa) nawa, hatima (kammalawa), fihirisa (jerin abin da ke ciki). Kowane mabhasi a rubuta suna da rana a gabansa. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai ɗaukarsa.

Auwal: Kuma a yi magana da fusha, wato daidaitaccen larabci, ko? Wani ammiyyarsa, larabcin kasuwa, ta yi ƙarfi, wani bai daɗe da barin ma'ahadin lugga, inda ake koyon larabci, ba, sai ya yi ta gyaɗa kai alhali bai gane ba.

Bashir: Ƙwarai. Amma abin da ya fi damuna hamish ne, wato madogarar da ake rubutawa a ƙasan shafi. Mutum biyar, salo biyar. Wannan ya fara da sunan marubuci, wancan da sunan littafi. Wani ya kwafo daga Shamila, manhajar littattafan larabci, bai duba ko lambar shafin ta dace da bugaggen littafin ba, domin ba duka ne suka dace ba. Dakta ya buɗe juzu'i na biyu, shafi kaza, bai ga komai ba, makin dukanku ya taɓu. Tun daren farko ku tsayar da salo ɗaya da bugu ɗaya, ku ware mutum guda mai haɗa aikin, ku rage masa rubutu, don shi ne zai kwana a kai.

Sani: In wani ya ƙi taɓa nasa fa?

Bashir: Ka same shi shi kaɗai tukuna, kada ka kunyata shi a guruf. Sau da yawa larabcin ne ya yi masa nauyi, kunya ta hana shi faɗa.

Auwal: Ga batun rana ma. Wani dakta da Hijira yake ba da ranar miƙawa, wayarka kuma miladiyya take nunawa. A rubuta duka biyun. Sannan hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, daga yammacin Alhamis wasu sun kama hanyar Makka umara.

Bashir: Shi ya sa na fi son Laraba ta zama ranar tattara aiki.

Sani: To bari in tura musu yanzu, gobe bayan isha'i a ɗakina.

Auwal: Allah ya ba da sa'a. Mako mai zuwa ka zo mana da huɗɗar mu gani.